Ɓarauniyar Ƙwan Zabi

Ranar wata Laraba, a ƙarshen watan Yuli na shekarar 1985, tsakanin ƙaramar salla da babba, na tafi makaranta da ƙanena Habu a goye. Ba da son raina ba ne. Kakarmu Iya, mahaifiyar Baba, wadda ke riƙonsa tun da aka yaye shi, ta tafi gaisuwar mutuwa wani ƙauye, ta bar min shi. Ina aji huɗu lokacin, shekarata goma sha ɗaya. Da aka fita tara na sauke shi a gindin darbejiyar da ke bakin ajinmu, na zauna carafke da ƙawayena. A da, Habu ba ya barin mu yi wasan nan cikin kwanciyar hankali, sai ya rarrafo ya watsa mana duwatsu. Ran nan kuwa inda na ajiye shi nan ya zauna, kumatu sun cika, ƙafafu sun yi suntum, yana kallonmu rai a ɓace. Malama Rabi, wata ɗalibar koyon malanta da aka turo mana daga Bici, ta zo wucewa sai ta tsaya ta tsuguna a gabansa. Ni da iyayi na yi caraf na ce mata yaye ne ya karɓe shi, yadda nake jin Iya tana faɗa wa mata. Malama ta jawo shi kusa da ita. Ta ɗora babban yatsanta a kan ƙafarsa, ta danna, ta ɗan riƙe, sannan ta ɗaga. Gurbin yatsan ya zauna, kamar an danna malmalar tuwo. Ta shafa gashin kansa da ya koma ja ya yi laushi, ta dube ni ta ce, "Saude, wannan ba ƙiba ba ce, kumburi ne. In an tashi ki jira ni, zan bi ki gida."

Wanda bai ga shekarun nan ba, ba zai gane yadda gida guda zai kalli kumburi ya kira shi ƙiba ba. Daminar da ta gabata ruwa ya ɗauke gero yana cikin fitar da kai, gyaɗa ta bushe a ƙasa, wake ko irinsa ba mu mayar ba. A ƙauyenmu da ke arewa da Ɗanbatta gona na jikin gona, gida na kallon gida, babu dajin da za a shiga a nemo wani abu. Fulanin da ke kawo mana nono sun kora abin da ya rage na shanunsu sun yi kudu. Kafin sabuwar damina ta kankama, Baba sai ya shiga rumbu gaba ɗayansa kafin ya ɗebo abin da za a daka. Kullum bayan makaranta mu 'yan mata muna bakin gonaki da ƙwarya, muna tsinkar tafasa da rama, a dafa a barbaɗa gishiri da ɗan garin rogo a ci. Kowa a gidan ya zabge, ana ƙirga haƙarƙarinmu. To a cikin wannan hali ka ga yaro guda yana cika, ai sai ka ce Alhamdulillahi.

Habu yana da shekara ɗaya da wata biyu aka gane Inna tana da ciki. A wurinmu ba a wasa da wannan, ana cewa in yaro ya ci gaba da shan nono zai sha ciki ya lalace. Rana ɗaya aka raba su. Iya ta ɗauke shi zuwa sashenta da ke bayan rumbuna, aka hana shi ko ganin Inna don kada ya tuna. Abincinsa kuwa koko ne tsararo, safe da rana da yamma, ruwa-ruwa, ana iya ganin gindin kofi ta cikinsa. Kada a ce Iya ba ta son sa. Angonta take kiransa, takan rage nata ta ƙara masa, in ya yi kuka ta kwana jijjiga. Abin da ta gada ta yi, abin da aka yi mata, abin da ta yi wa Baba.

Malama Rabi ta bi ni gida kamar yadda ta ce, ta daɗe a ɗakin Inna. Washegari Baba ya ɗauki Habu a keke zuwa ɗakin shan magani, ni ina zaune a baya ina riƙe da shi. Malamin asibitin ya ba da wani magani na ruwa, amma ya ce ainihin maganin yana cikin tukunya. Koko yana cika ciki ne kawai, in ji shi, jikin yaro kuwa gini ake yi, ba a gini da ruwa zalla. Dole a haɗa masa da abin da ke gina jiki, gyaɗa ko wake ko nono ko kifi ko ƙwai, kaɗan-kaɗan, sau da yawa a rana. Ya ja kunnen Baba cewa in abincin ya fara aiki yaron zai saɓe tukuna, zai zama kamar ya rame, kada a tsorata. Ya kuma faɗi abin da har yau nake ji a kunnena, wai in aka bar shi haka, da wuya ya ga kaka. A hanyar dawowa Baba yana tuƙa keke yana lissafi a ransa. Na san lissafin da yake yi, don ni ma shi nake yi. Gyaɗa babu, wake babu, nono ya yi kudu, ƙuli-ƙuli ya zama na masu hali. Abu ɗaya ne kawai muke da shi a gidan, ƙwan zabin Iya.

Nan aka yi ta. Baba ya tsuguna ya yi wa Iya bayani, har ya danna ƙafar Habu ya nuna mata ramin. Ta ce ƙiba mai laushi ce. Da ta ji maganar ƙwai kuwa sai ta tafa hannu ta yi salati. Tun kaka da kakanni ba a ba yaro ƙwai, in ya ɗanɗana hannunsa ba zai tsaya ba, ɓarawo zai zama. Ita ba za ta reni ɓarawo da hannunta ba. Ta rufe da cewa, "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba." Baba mutum ne da bai taɓa musu da mahaifiyarsa ba. Ya sunkuyar da kai, ya ɗauki fartanyarsa ya fita. Ni kuwa raina ya ɓaci.

Kiwon zabin nan aikina ne. Zabuwa ba ta yin ƙwai a gida, sai ta sulale cikin gona ta ɓoye, kuma da damina take yi. Ni ce mai bin sawunsu da hantsi in gano sheƙa. Iya ta koya min ba a sa hannu, wai in zabuwa ta ji warin mutum za ta ƙaurace wa wurin, don haka da dogon ludayi ake ɗebowa, a bar mata ɗaya ko biyu. Duk abin da na ɗebo ƙwaryar Iya yake shiga, ranar kasuwa a kai Ɗanbatta a sayar a auno gero. To akwai wata zabuwa mai farin ƙirji da na gano sheƙarta a ƙarƙashin wata sabara, a kan iyakar gonarmu, ban riga na faɗa wa kowa ba. Ran nan na ɗauko ƙwai ɗaya na ƙulle a bakin zanena, na wuce ɗakin Inna kai tsaye na ajiye mata a kan tabarma. Ta dubi ƙwan, ta dube ni. Sannan ta tashi ta hura wuta.

Haka muka yi sati uku. Inna takan jefa ƙwan a tukunyar tafasa ya dahu, ta murje shi cikin koko mai kauri da ɗigon manja da garin busasshen zogale, ta binne ɓawon a toka. Ni kuma in zuba a gwangwani in rufe da mayafi, in ce zan tafi rijiya da Habu, sai mu laɓe a bayan rumbu. Kada ku ɗauka karɓa ya yi da murna. Yaron da kumburi ya kama ba ya son abinci, kau da kai yake yi, ya tofar, ya yi wani siririn kuka. Amma ni tun ina ƙarama Iya ke kirana uwar kafiya, kuma a kansa na gwada ta. In ya tofar in kwashe da yatsa in mayar. In yi masa waƙa, in yi masa tsawa, in yi kuka tare da shi, ba na tashi sai na ga gindin gwangwanin. Sau huɗu a rana, kafin makaranta da bayanta. A sati na biyu ƙafafun suka fara saɓewa, kumatun suka faɗa, ya koma ɗan firit. Iya ta shiga damuwa, tana cewa maganin asibiti ya cinye mata ango. Ni ma tsoro ya kama ni, wallahi, sai dai in tuna maganar malamin asibiti in ƙara ɗaure zane.

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Kaji ne suka tona mana asiri, suka barbaza tokar da aka zubar a juji, ga ɓawon ƙwan zabi nan birjik, mai tauri, ba ya ɓoyuwa. Iya ta tsinto su a tafin hannunta, ta karyo tsumagiya, ta same mu a bayan rumbu, bakin Habu duk gwaiduwa. Ban gudu ba. Na ci gaba da ba shi, na ce a raina ta dake ni in ta gama zan ɗora. Sai ga Inna ta fito da cikinta, ta durƙusa a gaban surukarta, ita da ko ɗaga ido ba ta taɓa yi a gabanta ba. Ni ce 'yar fari, don kunya Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai ta ce "ke" ko "yarinyar nan". Ran nan na ji sunana a bakinta. Ta ce, "Iya, ba laifin Saude ba ne, ni na dafa. Ki yi min haƙuri ya rayu tukuna. In ya girma ya yi sata, ni zan ɗauki abin kunyar."

Iya ta tsaya da tsumagiya a hannu. Habu, wanda ya fi wata biyu rabonsa da dariya, ya ga carbin da ke wuyanta yana lilo, ya miƙa hannu ya cafko, ya ƙyalƙyale. Ta saki tsumagiyar, ta zauna a ƙasa ta ɗora shi a cinya. Ta danna ƙafarsa da yatsanta yadda ta ga Baba ya yi. Naman ya dawo nan take. Ta sake dannawa, ya sake dawowa. Sannan ta ce, ba da mu take ba, 'ya'ya tara ta haifa, huɗu bayan yaye suka koma, kuma dukansu sai da suka cika haka mata suna yaba mata reno. "Ashe ba ƙiba suka yi ba," in ji ta. Ban taɓa ganin hawayen Iya ba sai ran nan. Washegari da hantsi, da na faɗa mata zancen sheƙar da na ɓoye, ita da kanta ta miƙo min ludayi, ta ce ƙwan mai farin ƙirji na angonta ne, kada ya sake shiga ƙwaryar kasuwa. Habu ya ga kaka. Da ƙafarsa ya taka zuwa gona ranar da aka gasa mana tumun farko.

Yau Habu magidanci ne mai furfura a gemu, kuma shi manoman ƙauyenmu suka damƙa wa makullin ɗakin da suke ajiye iri, don ba a taɓa jin ya ɗauki ko allurar wani ba. Iya ta yi tsawon rai har haƙoranta suka ƙare, tuwo ya gagare ta, jikinta ya fara zubewa. Shi ne yake murje mata ƙwai cikin kunu ya ba ta a baki, tana tsokanarsa wai zai mai da ita ɓarauniya da tsufanta. Yanzu in na je gida ba na jin kukan zabi kamar da, inda sabarar nan take an yi gini. Abinci ya fi na wancan lokaci yawa, amma sai in ga uwa ta sayar da ƙwai da waken gidanta ta sayo wa yaro biskit da lemon kwalba, raina ya ɓaci, in yi ta faɗa har a ce tsohuwar nan ta fiye sa ido. Su faɗa. Duk gidan sunan da na shiga, in aka miƙo min yaro ana yaba ƙibarsa, sai na faki ido na danna ƙafarsa, kuma ba na sakin numfashi sai naman ya dawo. Nakan tuna yayyen Baba da ƙannensa guda huɗu da ban taɓa gani ba, da zabin da ke ta yawo a tsakar gidan da suka rasu.