Wutar da Baffa Zai Kai Wales

Mu maƙera ne tun kaka da kakanni, amma ni atamfa nake sayarwa a unguwar Château Rouge, nan Turai. Baffana kaɗai ya riƙe guduma. Yana da 'yar maƙera a bayan gidan kwanan ma'aikata na unguwar Montreuil, inda yake gyara kunnen tukunya da wasa wuƙaƙen mahauta. A shekarar aka ce za a rushe gidan a sake gini, kuma sabon ba shi da wurin hura wuta. Baffa ya sani, amma ko da wasa ba a tayar masa da zancen.

'Yata tana karatu a Lyon. Makarantarsu ta kai su Wales, ta turo mini hotunan wata tsohuwar ma'aikatar narka ƙarfe. Na kai wa Baffa don ya ɗebe kewa, ashe aiki na jawo wa kaina. Murhu ne na dutse mai tsayin bene, ciyawa ta fito a bakinsa, ga mutane cikin rigunan ruwa sun yi cirko-cirko, hannu a baya.

"Wa ya rasu?" in ji Baffa.

"Ba wanda ya rasu, Baffa. Wutar ta mutu tun ba a haife ka ba."

"Kuma har yanzu suna zaman makoki?"

A gidanmu idan babban maƙeri ya rasu ana kashe wutarsa, kuma ba a tayar da ita da ashana. Sai maƙerin wani gari ya kawo garwashi daga tasa maƙerar. Kafin ya zo, jama'a kan je su tsaya shiru su tafi. Abin da Baffa ya gani ke nan, kuma ransa ya ɓaci sosai. Ya ce duk maƙeran Turai ba su da kunya, shi zai kai musu garwashin.

Na yi maganar biza, na yi maganar teku. Ya ce yarinyar ta san hanya, in kai shi wajenta. Na ce Lyon kudu take, Wales arewa. Ya ce tun yaushe mai sayar da atamfa ya san gabas.

Haka muka shiga jirgin ƙasa da garwashi binne cikin toka a tukunyar ƙarfe, tukunyar cikin kular abinci, zugazugin fatar akuya a hammatarsa. Jifa-jifa yakan ɗaga murfi ya hura. Wata Baturiya ta tambaye ni me ke ƙauri, na ce abincin tsoho ne, likita ya ce kada ya huce. Ban taɓa yin salati irin na ranar ba.

A ɗakinta na ɗalibai 'yata ta durƙusa ta gaishe shi, ta ji abin da ya kawo mu. Na zaci za ta yi dariya. Ba ta yi ba.

"Kaka, muze ne, wurin kallo. Ko sigari ba a kunnawa. Ba su son wutar."

"To mi suke kallo?"

"Inda ta zauna."

"Ɗiyan maƙeran hwa, ina suke?"

"Wani daga cikinsu ne ya zaga da mu. Shi ke gaya ma baƙi yadda kakanshi yake aiki."

"Ya iya?"

"Ya iya faɗi, Kaka."

Baffa ya jawo kular gabansa. Ni kuwa tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona. Ya buɗe kular, ya tona tokar da yatsa, garwashin na nan da sauran ja. Ya mayar da murfin ya danne, bai hura ba.

Sannan ya zauna a ƙasa ya tanƙwashe ƙafa yadda yake zama a maƙera, ya kama zugazugin da hannu biyu, ba wuta a gabansa. Ya gyara hularsa ya dube ta.

"Ɗauko wayar taki ki ɗauke ni hoto. Ja da baya, ki tsaya inda baƙi ke tsayawa."