Tsayuwar Alhaji Garba a Kan Kayak

Har yau ban manta da Asabar ɗin da Alhaji Garba ya zo gwajin kayak ba. A 2007 ne, ina aiki a wani shagon kayan kamun kifi a Greensboro. Ni ne mai nuna kaya: duk Asabar nakan kai ƙananan jiragen ruwanmu tafkin da ke arewacin gari, masu son saye su gwada. Kayak ɗan kwale-kwalen roba ne na mutum ɗaya, marar nauyi. Dokar shago ita ce kowa ya sa rigar kariya daga nutsewa, kuma ba mai miƙewa tsaye sai na nuna masa inda zai sa ƙafa.

Alhaji mutumin Gaya ne, can Nijar, direban babbar mota. Duk inda aka zauna sai ya ba da labarin yadda ya taso a kan kogi, yana jefa birgi, ragar kamun kifi, a tsaye. Matarsa Hajiya Mariama kuwa 'yar Damagaram ce, a nan Amurka suka zauna tun aurensu, ko sau ɗaya ba ta gan shi cikin jirgi ba. Kullum tsiya take masa, wai ruwan da ta san ya iya shi ne na buta. Ranar har kujera ta kawo, ta kafa a bakin tafki, ta ce ta zo ganin ƙarshen labari. Idan ya faɗa, ya shiga uku a bakinta.

Rigar ya sa ba gardama. Da na fara bayanin tsayuwa sai ya ɗaga min hannu, ya ce tun ba a haife ni ba yake tsayuwa a jirgi. Na dai ƙarasa maganata, na shiga wani kayak na bi shi a gefe.

Matsalar ita ce jirgin da ya saba da shi can gida na icce ne mai nauyi, can baya ake tsayawa a tura da gora. Alhaji na miƙewa, ƙafarsa ta koma inda ta saba. Hancin kayak ya ɗaga sama, jirgi ya hau rawa, Hajiya ta tashi daga kujera.

Wallahi kunyarsa nake ji, sa'an mahaifina ne. Na matsa dab da shi, na rage murya yadda ba za ta kai gaɓa ba.

"Baba, tsakiya. Buɗe ƙafa, sassauta gwiwa, ka dubi itatuwan can, kar ka dubi ruwa."

Ya harare ni, amma ya taka gaba. Jirgi ya lafa. Daga nan fa sai jikinsa ya tuna sauran: ƙugu na bin motsin ruwa, kafaɗa ko gezau. Ya wurga fatsar da ya shiga da ita, kuma ba a jima ba ya ɗago kifi yana wutsil-wutsil, shi kuma yana tsaye yana dariya har hularsa ta karkace. Daɗi ya kama ni kamar ni na kama.

Da muka fito, Hajiya ta tarye shi. Ta ce, "Ashe da gaske kake, Alhaji."

Ya ce da ɗan Faransancinsu na Nijar, "Bon, yanzu kin gani." Ya juya ya ce ya saya, in ɗaure masa jirgin a kan mota. Bai faɗi abin da na raɗa masa ba, ni ma ban faɗa ba.

Shi ya sa nake gaya muku, ku sababbin ma'aikata: a aikin nan dole ka gyara wa mutum tsayuwarsa ko da ya haife ka, amma ba dole ne na bakin gaɓa su ji ba.