Saniyar da Na Kai Kasuwa

A shekarun da Nasara suka fara ratsa ƙasar Dutse, gidanmu yana gindin duwatsu, bayan dabinai. Da sanyi, in an idar da sallar magariba, kakarmu Iya takan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, ta binne gyaɗa cikin toka. Ni take fara tsokana: "Angona, matso. Miji ba cefane, sai kunnen jin tatsuniya." Sannan ta ce, "Ga ta nan tafe, wa zai ba ta wurin zama?" Mu ce mun ba ta.

Akwai wadda ta fi maimaita mana. Wani makiyayi ne mai saniya guda, da nononta yake ciyar da 'ya'yansa. Wata rana ta tsinke, ta shiga gonar wata tsohuwa, ta cinye geron da ya fara ƙosawa. Aka je gaban Sarki, aka duba ɓarna, Sarki ya ce saniya ta zama ta tsohuwa. Makiyayi ya miƙa igiya.

Tsohuwa ta riƙe igiyar ta ce, "Ranka ya daɗe, yanzu tawa ce?" Sarki ya ce ƙwarai. Ta ce, "To, ni ban iya tatsa ba. Ya zo ya kafa turke a gonata ya yi rani. Nonon na 'ya'yansa, kashin na gonata." Da damina ta dawo, gero ya yi yadda bai taɓa yi ba, tsohuwa ta mayar masa da igiyarsa.

Na taɓa tambaya, "Iya, me ya hana ta yafe tun farko?"

"Da ta yafe kafin shari'a, gobe kowa ya saki dabbarsa. Sai da haƙƙinta ya shiga hannunta, sannan ta duba abin da za ta yi da shi. Ci gyaɗarka, ta huce."

Na ci gyaɗa, ban riƙe maganar ba. Bayan na zama magidanci, shanun wani makiyayi, Malam Buba, suka faɗa mini dawa a gonata ta hanyar Miga. Dagaci ya yanke mini saniya ɗaya. Malam Buba ya biyo ni har gida yana roƙon in bar ta a garkensa har a yaye ɗan maraƙinta. Washegari na kai ta kasuwa. Maraƙin bai kai mako ba ya mutu, shi kuma ya kwashe iyalinsa ya bar yankin. Na daɗe ina gaya wa kaina ban zalunce shi ba. Haka ne kuwa, amma shekara da shekaru ban iya ba jikokina wannan tatsuniya ba.

Shekaru da yawa bayan haka, wani makiyayi ya yi mini sallama yana neman inda zai yi rani. Ashe ɗan Malam Buba ne. Na faɗa masa ko ni wane ne. Ya ce, "Baba, marigayi bai taɓa cewa ka ci haƙƙinsa ba. Maraƙin kawai yake ambata."

Na ba shi gonar. Rani bakwai ke nan turakunsa suna can. Allah Ya ji ƙan Iya, da ta ajiye mini abin da zan yi ranar da aka sake ba ni dama. Bara na tara jikokina, na hura wutar kara, na ba su labarin tsohuwa da igiyarta, sannan na ba su nawa.