Mutumin da Ke Raɗa wa Makunnai Suna

A ofis Mai Raɗi ake ce masa, don shi ke raɗa wa kayan wuta suna. Kamfanin nasu akwatunan lantarki yake haɗawa, irin masu juya injinan masana'antu, kuma kafin a ɗaura ko waya ɗaya sai an zana komai a kwamfuta. Teburinsa na can ƙuryar ɗakin zane, bayan injin buga takardu, inda iskar fanka ba ta kaiwa.

Aikin nasa ba ya burge kowa. A manhajar da suke zane da ita, kowane makunni da kowane fis sunansa hawa-hawa ne: a fara da sashen masana'anta, sai akwatin da yake ciki, sannan shi kansa. "Makunni na bakwai" kaɗai ba suna ba ne, don kowane akwati da irinsa. Sai an ce sashen famfo, akwati na biyu, makunni na bakwai. In aka ɗauke akwati aka kai shi wani sashe, duk abin da ke cikinsa sunansa ya canja, kuma Mai Raɗi ne zai bi ya tabbatar babu biyu masu amsa suna ɗaya.

Da fensir ya fara aikin yana saurayi, kwamfuta ta zo ta same shi da furfura, ya dage ya koye ta. Matarsa ta rasu da jimawa, 'yarsu tilo kuma tana gidan mijinta a wani gari mai nisa. Abokin hirarsa ɗaya ne, Dogo, shugaban masu ɗaura waya a ƙasan bene. Dogo kan hawo sama da sitika mai ɗauke da sunan makunni manne a yatsa yana faɗa tun daga matakala.

"Kai Mai Raɗi, wannan sunan ai ya fi makunnin tsawo! Ina zan liƙa shi, a goshina?"

"Goshin naka ai fili ne, har na gobe zai ɗauka."

Da rana su zauna a matakala su sha shayi, kowa na kushe aikin ɗan'uwansa.

Sai idon Dogo ya fara ja da baya. Mai Raɗi ya lura yana kai takarda har bakin hanci, sai ya ƙara girman rubutun sitika. Duk da haka wata rana Dogo ya ga uku ya ɗauka takwas ne, ya kai wayar wannan akwati ga wancan. Ana kunnawa don gwaji fis ya fashe, hayaƙi ya tashi. Ba wanda ya ji ciwo, ba kuma wanda ya yi masa faɗa. Shi da kansa ya tuɓe rigar aiki ya rataye. Ɗansa ya zo ya ɗauke shi zuwa garin da yake zaune.

Tun daga nan ba mai hawowa. Sababbin masu ɗaura wayar kuwa, saƙo suke turowa ta salula, kalma biyu ko uku. Wani lokaci Mai Raɗi kan ji kansa yana karanta sunaye da ƙarfi, sai ya waiwaya ya ga kowa da abin jin sauti a kunne.

Da ya samu hutu ya hau mota ya je garin da Dogo ya koma. Ya tarar da Dogo zaune a baranda, idanun sun yi fari.

"Muryar wa nake ji? Kai, mai dogon suna!" Ya lalubo hannunsa ya riƙe. "Me kuke haɗawa yanzu?"

"Akwatin wani injin niƙa."

"Jero min."

Mai Raɗi ya fara jerowa da ka, sashe, akwati, makunni. Dogo ya sunkuyar da kai, yatsunsa na murzawa a gwiwa kamar mai feƙe waya. Can ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Wannan ina za a liƙa shi? Ko ƙofa ba za ta ɗauka ba."

"Ni dai raɗawa nake, liƙawa aikinku ne."

"Kullum haka kake cewa, mugu."

Suka yi ta dariya har surukar Dogo ta leƙo ta ce, "Baba, rabon da in ji ka haka, na manta." Ta kawo abinci suka ci a kwano ɗaya. Da la'asar Mai Raɗi ya miƙe. Dogo ya ce sai ya raka shi bakin titi, ya dafa kafaɗarsa suka taka a hankali.

A motar komawa Mai Raɗi ya samu kujerar taga. Ba su yi nisa ba mutumin da ke kusa da shi, wanda ko gaisawa ba su yi ba, ya ɓingire da barci, kansa ya sauka a kafaɗar Mai Raɗi. Kafaɗar ta yi tsami, hannun ya mutu, amma bai motsa ba har suka shiga tasha.