Zinariyar da Na Binne a Ain Khaled

Wata Juma'a da la'asar, cikin sanyin Janairun shekarar da na cika goma, na cire ɗan kunnena na dama na binne shi da hannuna a filin yashin da ke bayan gidanmu a unguwar Ain Khaled, can ƙasar Larabawa inda muke zaune. Zinariya ce ta gaske, kakata ce ta aiko min daga Katsina.

Baba ne ya jawo. Injiniyan gas ne, amma da ya dawo daga masallaci sai ya sa mana faifan tsofaffin finafinan Amurka marasa kala, na wasu masu ƙasumba da jakuna da ke haƙar zinariya a duwatsu, in sun samu kuma su kashe juna. Yakan ce, "Ku dai dubi abin da haɗama take yi." Yayana Sagir da abokansa ba haɗamar suka gani ba, haƙar suka gani. Suka raba filin, kowa ya kafa sanda a nasa, suna rairayar yashi da murfin tukunya. Ni kuwa aka ce in zauna in dafa musu waken ƙarya a gwangwani, wai a fim ba a taɓa ganin mace da shebur ba. Abin ya ƙona min rai ƙwarai.

Na ɗauko rariyar Mama ta garin tuwo, na kafa tsintsiya can gefe, na ce nan nawa ne. Shirina shi ne in tono zinariya a gaban idonsu, su da ba su taɓa samun komai ba sai marafan kwalba. Na kira su, suka kewaye ni, na tankaɗe, na sake tankaɗewa. Yashi ya haɗiye abina. Sagir ya kalli kunnena ya fashe da dariya: "Yalla, khalas, shi ke nan, je ki faɗa wa Mama."

Na faɗa mata, na sha faɗa, ban yi kuka ba. Kullum bayan makaranta da wanke-wanke ina can da rariya har a kira magariba. Da labari ya bazu cewa akwai zinariyar gaske a filina, sai ga waɗanda suka kore ni suna roƙon su taya ni, kowa na raɗa min kada in yarda da wane. Sagir da amininsa har dambe suka yi. Na hana su duka. Ina cikin neman aka kewaye filin da kwano, motocin gini suka shiga.

Mama ta so a kai ɗan kunnen da ya rage kasuwa a musanya min sababbi. Na ƙi, har yau kuma na ƙi. Yanzu bene ne a wurin, da kantin magani a ƙasa, yaran unguwar ba su da inda za su yi tono. Ina kewar yashin nan. Amma duk sanda muka wuce a mota da Sagir, sai in taɓa kunnena na hagu in nuna masa ginin. A cikinmu duka, filina ne kaɗai mai zinariya.