Yadda Na Riƙa Amsa wa Likita a Madadin Mahaifiyata

A farkon shekarun casa'in, lokacin da Jalingo ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba, ina saurayi, na gama jami'a da bautar ƙasa, ina koyarwa a wata sakandare. Ina zaune a Nukkai tare da mahaifiyata, Bafulatana ce, wadda muke kira Dada. Ni mutum ne mai yawan fargaba, ko maganin ciwon kai ba na sha sai na karanta takardar cikin kwalin. Da aka ce Dada tana da hawan jini, sai na ɗora wa kaina komai. Ni ke kai ta asibiti duk wata, ni ke karɓo ƙwayoyin, kuma da yake likitan mutumin kudu ne, Hausarsa ba ta yi nisa ba, ni ke amsa tambayoyinsa da Turanci. Ita dai nata miƙa hannu a ɗaura abin awo.

Watanni suka wuce jinin bai sauka ba. Duk zuwa sai likita ya tambaya ko tana shan maganin kullum, in ce ƙwarai, domin ina dubawa ina ganin ƙwayoyin na raguwa yadda ya kamata. Ya ƙara wa maganin ƙarfi, daga baya ya haɗa mata da wani. Ba zan ce ya yi kuskure ba, da abin da na faɗa masa ya yi aiki.

Muna da maƙwabciya, wata dattijuwa 'yar Mumuye da muke kira Mama. Kullum da hantsi, bayan na tafi makaranta, takan shigo su ɓare gyaɗa suna hira. Da kaka ta yi sai ta tafi Iware haƙar doya. Ba ta daɗe da tafiya ba, wata safiyar Asabar, Dada ta miƙe daga tabarma za ta ɗauki buta, sai kawai ta zube. Na ɗago ta na ji jikinta sanyi ƙalau. Har yau ban san yadda na samo mota ba.

A asibiti aka ce jinin ya faɗi ƙasa sosai, aka sa mata ruwa. Da ta farfaɗo, likita ya kira wata nas Bafulatana, ya ce ni in yi shiru. Nan Dada ta faɗa mata da Fulatanci cewa ai ba ita kaɗai take shan maganin ba. Mama ma kanta na sarawa, ba ta da mai kai ta asibiti, ita kuwa Dada ba a koya mata ta sa abu a baki maƙwabci na kallo ba. Sai su raba ƙwayar da wuƙar yankan kuɓewa, kowa rabi. Da Mama ta tafi, Dada ta koma haɗiye duka, mai ƙarfin da aka ƙara. Na tambaye ta dalilin da ba ta gaya mini ba, ta ce yaushe na taɓa tambayarta, ni da likitana muna ta Turanci a kanta kamar akuya aka kai kasuwa.

Likita ya rage maganin, cikin 'yan kwanaki Dada ta miƙe. Da labari ya kai wa Mama sai ta dawo, ta shigo tana kuka, ta tarar da Dada na shan kunu, sai ta hau yi mata faɗa wai ta cinye mata rabonta ne Allah ya kama ta. Muka kai Mama asibiti, aka auna, aka rubuta mata nata, wani iri daban. Rabona da dariya irin ta ranar an daɗe.

Ni ba likita ba ne, ba zan ce na san komai a kan magani ba. Amma ina ganin ƙwaya ba goro ba ce da za a ɓara wa aboki, ko da ciwon ya yi kama. Ku kuma 'yan'uwana masu raka iyaye asibiti, in likita ya yi tambaya, ku juya ku tambayi mai jikin da yarensa, ku jira amsa. Na kusa rasa uwata saboda na ɗauka na san amsar.