Arzika Wanzami da Tsagar Malam Muntaka

Duk wanda ya saba bi ta gindin tsamiyar bakin kasuwar Zuru da hantsi ya san Arzika Wanzami, ko da bai riƙe sunansa ba. Shekara arba'in da 'yan kai tsarinsa ɗaya ne. In ya idar da sallar asuba sai ya zauna ƙofar gida ya wasa asakensa ɗaya bayan ɗaya, yana gwada kaifinsu a bayan hannunsa, har wurin ya daina tsiro da gashi. Sannan ya rataya zabira, ya fara da gidajen masu jego, ya biya ta wajen tsofaffin da ke jiran ƙaho. Kafin rana ta ɗaga yana kan tabarmarsa, kan wani na tsakanin hannuwansa. Ba ya gaggawa, ba ya kuma yin shiru. In ka zauna aski wurinsa, to ka shirya amsa tambaya: ɗan wa, jikan wa, wa ya yi maka tsaga. Kafin ya gama da ƙeyarka ya san kakanka ya fi ka saninsa.

A watan jiya ya ajiye aska. Hannu ya fara rawa, shi kuwa ba mutumin da zai jira sai ya yanki kunnen wani sannan ya yarda ya tsufa ba ne. Ya miƙa wa ɗan ƙanensa zabira, ya koma zaman zaure. Ba a yi shela ba, ba wanda ya tara mutane. Halin garinmu ke nan: mai rawani ya yi atishawa a ji har Ribah, amma mutumin da ya aske kan rabin garin nan ranar suna ya bar aiki, ko sannu. Abin ya ba ni haushi, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Masu shekaru suna tuna shekarar agana, lokacin da maƙwabci ke gudun ƙofar maƙwabci, Arzika yana shiga gidajen yana aske marasa lafiya yana wanke musu fuska. Wannan kaɗai ya isa a yi masa jinjina. Amma abin da ya kamata a rubuta kada ya ɓace shi ne abin da ya yi wa Malam Muntaka.

Malam Muntaka yana cikin malaman farko da aka turo koyar da boko a nan, tun makaranta tana rumfar kara, iyaye suna ɓoye 'ya'yansu a rumbu in an zo ɗaukar yara. Mutum ne mai tsabta, mai Hausar littafi, ba ya shiga sabgar kowa. Abin da mutane ba su sani ba shi ne, bai san gidansu ba. Yana ɗan shekara uku ko huɗu mahara suka ɗauke shi, a ƙarshen zamanin kamen bayi. Ya zauna hannun wani mutum har Nasara suka zo aka 'yanta shi, aka rene shi tare da yara irinsa, ya yi karatu. Ba ya tuna sunan gari, ba ya tuna fuskar uwa.

Ranar da matarsa Asama'u ta haifi 'yarsu ta fari, Arzika ne aka kira askin suna. Ya aske jaririya, ya ɗago ya tambayi uban, kamar yadda ake yi, wace tsaga za a yi mata. Malam ya sunkuyar da kai ya ce a bar ta haka. Arzika ya bar ta haka. Sai da Malam ya zo aski ranar Juma'a, sannan Arzika ya juya masa fuska wajen haske ya duba da kyau.

"Malam, tsagarga taka, wa yay yi maka ita?"

"Ban sani ba, Baba."

"Ukku ga dama, biyu ga hagu. Tun ina saurayi nike riƙe da aska, ban taɓa ganin gidan da ka yin haka ba."

Malam ya yi magana, murya ƙasa-ƙasa. Ya ce mutumin da ya riƙe shi yana yaro ya sha gaya masa cewa ba kama shi aka yi ba, uwarsa ce ta ba da shi a kan damin dawa shekarar yunwa. Mutumin ya kuma ce masa ko tsagarsa ba a damu a ƙarasa ba, don tun farko ba a yi niyyar riƙe shi ba.

"Kullum na duba madubi, abin da nake gani ke nan, Baba. Yaron da uwarsa ba ta so."

Arzika ya goge aska a gwiwarsa. "Ni dai abin da nis sani, wanzami ba shi barin aiki rabi sai da dalili. Bari in biɗi dalilin."

Ka ga, bai ce masa ƙarya aka gaya masa ba, don bai sani ba tukuna. Haka Arzika yake, ba ya sayar maka da abin da bai gani ba ko da kana kuka. Daga wannan rana duk kasuwar da ya ci, duk sunan da aka kira shi a ƙauye, sai ya saka maganar yaron da aka ɗauka mai tsaga a kumatu. Matambayi ba ya ɓata, amma yakan sha rana.

Bayan wata shida aka aiko daga Mahuta. Wani dattijo, Dodo, ya ce mahara sun ɗauke ɗan wansa a daidai waɗannan shekaru, kuma tsagar gidansu uku-uku ce a kumatu. Malam ya ɗinka sabuwar riga, suka tafi tare da Arzika. Suka tarar an yanka rago, mata suna guɗa tun daga bakin gari. Dodo ya rungume Malam yana hawaye, kuma hawayen gaskiya ne, don ya daɗe yana kewar yaron. Ko da yake, a faɗi gaskiya, samun ɗa mai albashin Nasara bai rage wa kowa murna ba a gidan.

"Ɗan wana na, wallahi," in ji Dodo. "Ta ukkun ta hagu shahewa tay yi, shekaru da yawa."

Kowa ya juyo ga Arzika, ana jira ya ce haka ne a ci nama. Ya jiƙa babban yatsa, ya ja fatar kumatun Malam a cikin rana, ya daɗe yana dubawa. Malam yana kallonsa kallon mai roƙo.

"Ku yi haƙuri," in ji Arzika. "Inda aska tab bi, hwata ba ta mantuwa. Nan wurin aska ba ta taɓa bi ba. Ba ɗanku na ba."

Guɗa ta mutu a bakin mata. A hanyar dawowa, da suka hango duwatsun Zuru, Malam ya tsaya ya juyo, idanunsa jawur.

"Baba, da ka bar kaza cikin gashinta. Mutanen nan sun ce suna so na. Wa ya taɓa cewa yana so na?"

"In na ba ka su, Malam, ka rasa naka har abada. Su ma in ɗansu yana da rai, sun bar biɗa tai."

Damina guda cur Malam bai zauna tabarmar Arzika ba. Ya koma wurin wani wanzami da ke barin masa kai kamar gonar da aka yi wa noman ganin dama. In sun haɗu a masallaci gaisuwa ce a tsaye. Abin ya ci wa Arzika rai ƙwarai, matarsa ta shaida, amma bai fasa ba.

Arzika, kai ne ka zauna ka gane inda ka yi kuskure. Kana ta tambayar wane gida aka ɗauke wa yaro, alhali a ƙasar nan wane gida ne ba a ɗauke wa ba? Sai ka sauya tambaya, ka koma wa 'yan'uwanka masu zabira, kana tambayar wane wanzami ne ya taɓa tashi bai ƙarasa tsaga ba. Ba su so tambayar ba, dama an ce wanzami ba ya son jarfa. Wasu suka yi maka dariya, wani a Ribah ya ce ka zo tonon asirin sana'a. Ka haɗiye, ka ɗaura takalmanka ka yi gaba.

A shekara ta uku, a Bena, aka kai Arzika wurin wani tsohon wanzami da ido ya riga ya tafi. Da jin tambayar sai tsohon ya kwashe da dariya har da tari. Ya ce maigidansa da ya koya masa aiki ya sha ba su labarin wata Bafillatana da ta riƙe masa hannu ana tsakar tsaga, a wata ruga gabas da gari. Rugar ta daɗe da tashi. Arzika ya bi ta daga wannan mashaya zuwa waccan har rani ya kusa fita, ya same su. Matar ta rasu shekara goma da suka wuce. Sunanta Fadima. Amma ƙanwarta Altine tana nan da rai.

Da Arzika ya dawo ya je gidan Malam da kansa. Malam ya ce ba za shi ba, an taɓa kai shi ya sha kunya. Asama'u ce ta leƙo daga bayan zana ta ce, "Malam, mutumin da ya hana ka na ƙarya ba zai kai ka wurin wata ƙaryar ba. Tashi ka bi shi."

Suka isa rugar da hantsi, shanu sun fita. Arzika bai gaya wa Altine yadda tsagar baƙon take ba, bai kuma gaya wa Malam abin da ya ji ba. Tsohuwa ta fito daga bukka tana dafa sanda. Ba ta amsa gaisuwa ba. Ta zo daf da Malam, ta kama haɓarsa kamar ƙaramin yaro, ta juya kumatun hagu. Sandar ta faɗi daga hannunta.

"Ɗan Hwadima," ta ce. "Wayyo, ɗan Hwadima."

Aka shimfiɗa tabarma. Malam ya durƙusa gabanta. "Inna, abu ɗaya nake so in sani. Me ya sa ba a ƙarasa mini ba?"

"Kai na ɗan hwarinta," in ji Altine. "Ka san mu, ɗan hwari uwa ba ta kallo nai gaban mutane, ba ta kiran suna nai, ko yana kuka sai ta kau da kai. Ranar da anka yi maka tsaga, ni ar riƙe da kai. Anka yi ukku ga dama, anka yi biyu ga hagu, kana ta tsala kuka har murya ta shaƙe. Sai ga Hwadima ta hito daga ɗaki da gudu, gaban surukanta, gaban kowa, tak kama hannun wanzami tac ce, 'Ya isa! Kada ka ƙara taɓa shi.' Abin kunya, ɗana! Har waƙa 'yan mata sunka yi mata. Ba ta damu ba."

Malam ya ce, "An ce mini ita ta ba da ni. A kan dawa."

Tsohuwa ta buga ƙirji. "Wa yaf hwaɗi haka? Allah shi isam mata! Tana rahi wanki mahara sunka zo. Shekara goma sha huɗu tana ɗaukar nono kasuwa-kasuwa, ba don nonon ba. Duk yaron da tag gani sai ta zagaya ta hagu nai ta duba kumatu. Har ta kwanta ciwon ajali tana cewa in an ga mai biyu ga hagu a ce mishi tana biɗa tai."

Malam Muntaka, mutumin da yara ba su taɓa ganin ko hularsa ta karkace ba, ya kifa kai a cinyar tsohuwar ya yi kuka kamar ranar da aka yi masa tsagar. Ba wanda ya hana shi. Arzika ya tashi ya koma gindin wata kirya ya ba su baya, wai yana duba takalminsa. Waɗanda suke wurin sun ce shi ma hawaye yake sharewa.

A hanyar gida Malam ya riƙa neman yadda zai nemi gafara. Arzika ya katse shi ya ce, "Bari wannan. Juma'a dai ka taho in gyara maka kanga naka, an ɓata shi."

Yau Malam Muntaka yana da dangi. 'Ya'yansa sun san rugar kakarsu, sun san sunanta, suna zuwa da ƙafarsu. Yaran da ya koyar kafin wannan tafiya da waɗanda ya koyar bayanta sun ce kamar ba malami ɗaya ba ne, don na bayan yana dariya.

Arzika na bakin tsamiya, mai aska mai gaskiya, mun gode. Kai ne ka yarda a yi fushi da kai damina guda don kada ka ba mutum dangin aro. Ba ka iya karatun allo na Nasara ba, amma ka karanta wa malamin boko abin da ke rubuce a fuskarsa. Ku masu sana'a, kowa ya dubi abin da ke hannunsa ya ga wa zai iya tallafa da shi. Ku matasa kuma, tsofaffin nan da suka san wane ɗan wane suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, ku je ku zauna ku tambaye su tun suna iya amsawa. Ku fara da zauren Arzika, ku gaishe shi tun yana ji.

Allah Ya saka maka da alheri, Baba, Ya sa ka gama da duniya lafiya. Malam Muntaka ya yi shekara fiye da ashirin yana zaton uwarsa ba ta so shi. Kai ka taka da ƙafarka shekara uku, har ka kawo masa saƙonta bayan ta shekara goma a kabari.